Yadda ake karanta takardar katako da duba kaya kafin a karɓa

Takardar odar katako gajeriya ce, sau da yawa layi ɗaya tak: "Fain, 2×6×12, S4S, KD19, No. 2, guda 200". A cikin wannan layi an faɗi irin itacen, girmansa, yadda aka goge shi, yawan ruwan da ya rage a jikinsa, da darajarsa. Kowanne daga cikinsu ana iya tabbatar da shi tun kaya na kan mota, kuma mafi yawan rigimar mai saye da mai sayarwa na tasowa ne saboda kowa ya fassara kalma ɗaya yadda ta fi masa riba. Abin da za ka tanada ba shi da yawa: tef ɗin awo mai inci da milimita, siririyar igiya, alli, ƙaramin zarto, na'urar auna danshi, da sikelin da ke auna giram.

Mataki na farko: san irin itacen da ɓangaren da aka yanko

A cinikin katako na duniya an raba itace gida biyu, "mai taushi" da "mai tauri". Kada sunan ya ruɗe ka, domin rabon na dangin bishiya ne, ba na ƙarfi ba. Mai taushi shi ne na bishiyoyi masu ganye kamar allura, irin su fain da sufurus. Mai tauri shi ne na masu faffaɗan ganye, irin su ok, tik da mahogani. Balsa, wanda farce ma yake lotsa shi, yana cikin masu tauri. Saboda haka ka nemi a rubuta maka ainihin sunan itacen, in ciniki babba ne har da sunansa na kimiyya, tunda suna ɗaya na kasuwa yakan haɗa bishiyoyi da dama da ba su yi kama da juna a aiki ba.

Daga nan ka dubi bakin katakon, wato inda aka datse shi. Daga waje zuwa ciki akwai ɓawo, sai farin nama wanda ruwan bishiya ke bi, sai zuciya wadda yawanci ta fi duhu, sai cibiya a can tsakiya. Idan aka ce itace kaza ba ya ruɓewa ko gara ba ta cinsa, zuciyar ake nufi. Farin naman tik ma ƙwari na cinsa. Amma farin nama ya fi shan maganin kariya, zuciya kuwa da ƙyar magani ke shigarta. Katakon da cibiya ta ratsa ta cikinsa kusan kullum sai ya tsage ko ya murɗe, don haka a ware shi gefe tun farko.

Mataki na biyu: awon gungume

Bishiyar da ke tsaye ana auna kaurinta a tsayin ƙirji, mita 1.3 daga ƙasa, a Amurka kuma ƙafa 4½. A takarda za ka ga an rubuta DBH. Gungumen da aka sare kuwa da dabaru daban-daban ake lissafa shi, kuma ba sa ba da amsa ɗaya.

Dabarar Huber ita ce mafi sauƙi. Ka auna faɗin gungumen a tsakiyarsa, ka ninka shi da kansa, ka ninka da 0.7854, sannan da tsawo. Gungume mai faɗin santimita 50 da tsawon mita 4: 0.5 × 0.5 × 0.7854 × 4, ya ba da kubik mita 0.785. Dabarar Smalian kuma lissafin nan take yi da faɗin kowane baki daban, sannan ta ɗauki tsaka-tsakin amsoshin biyu. In ƙaramin baki 44 ne babba 56, za ka samu kusan 0.797. Bambancin kaɗan ne a nan, amma gungumen gindi mai buɗaɗɗen baki, Smalian takan kumbura shi ƙwarai.

Tambayar da ta fi dabarar muhimmanci: da ɓawo aka auna ko ba ɓawo? In ɓawon ya kai santimita 2 kowane gefe, gungumen nan ya zama 54, lissafi ya tashi zuwa 0.916. Kusan kashi 17 cikin ɗari ke nan aka ɗora maka na abin da ba zai zama katako ba.

Akwai kuma tsohon awon Hoppus na Ingila, wanda ya samo suna daga Edward Hoppus da ya wallafa jadawalinsa a 1736, kuma har yanzu ana cinikin tik da shi a wasu ƙasashe. Ana auna kewayen tsakiya, a raba huɗu, a ninka da kansa, sannan da tsawo. Gungumenmu kewayensa santimita 157 ne, awon ya fito 0.616, wato kashi 78.5 cikin ɗari na ainihin girman. Da gangan aka yi shi haka, don a cire abin da zai tafi a gefe lokacin yanka. A Amurka kuma ƙiyasin katakon da zai fito ake yi kai tsaye. Gungume mai inci 12 a ƙaramin baki da tsawon ƙafa 16, ƙa'idar Doyle ta ba shi ƙafar allo 64 (ma'aunin da za a bayyana a mataki na huɗu), ƙa'idar International ta ba shi 95. Doyle takan danne ƙananan gungumai, shi ya sa mai saye ke sonta. Duk farashin da aka faɗa maka ba tare da sunan dabarar awo ba, bai cika ba tukuna.

Mataki na uku: gane yankan

A bakin katako akwai layukan girma masu lanƙwasa. A itatuwan ƙasashen sanyi a fili suke, a na ƙasashen zafi wani lokaci sai ka goge bakin ka jiƙa shi kafin ka gani. Yadda layukan suka kwanta shi ne zai gaya maka yankan.

In sun kwanta kusan daidai da faffaɗar fuskar, yankan kwance ne. Shi ne mafi yawa kuma mafi araha, domin zarto bi kawai yake yi ba a ta juya gungume. Fuskarsa na da zane mai tudu-tudu, kuma shi ne ya fi yin kwarmi. In layukan sun miƙe tsaye, tsakanin digiri 60 da 90 da fuskar, yankan kwata ne: an fara raba gungumen huɗu sannan aka yanka. Jijiyarsa a miƙe take, motsinsa a faɗi kusan rabin na yankan kwance, amma yana cin lokaci da itace. Tsakaninsu akwai yankan karkace, digiri 30 zuwa 60, wanda ake so a ƙafafun tebur domin fuskokin huɗu su yi kama da juna.

Hanyar zarto ita ma kalma ce ta ciniki, wato faɗin abin da haƙoran ke cinyewa ya zama gari. Zarton bel yakan ci milimita 2 zuwa 3, zarton hannu mai sarƙa kuwa 8 zuwa 10. In falanki mai kaurin milimita 25 kake fitarwa, a hanyar milimita 3 kashi 11 cikin ɗari ne ke zama gari, a ta milimita 9 kuma kashi 26. Ga kuma fuskar sarƙa ba ta fita daidai, sai an ƙara cinye ta wajen gogewa. Da ɓarin gefe da gari da guntaye, masana'anta ta yau da kullum takan fitar da wajen rabin gungume ne a matsayin katako. Wanda ya sayi kubik goma na gungume yana jiran kubik goma na falanki bai yi lissafi ba.

Mataki na huɗu: girman suna da girman gaske

Tu-bai-fo na Amurka da Kanada ba inci 2 da 4 ba ne. Inci 1½ ne da 3½, wato milimita 38 da 89. Sunan na ɗanyen yanka ne, bushewa da injin gogewa sun ci sauran. Haka 1×6 yake ¾ da 5½, 2×6 yake 1½ da 5½, daga 2×8 zuwa sama kuma ¾ ake cirewa a faɗi, ya zama 1½ da 7¼. A inda ake sayar da katako ba gogewa, girman yakan kusanci sunan, amma yakan bambanta daga falanki zuwa falanki. Saboda haka ka zaɓi guda goma daga wurare daban-daban a cikin kayan, ka auna kauri da faɗi a baki biyu da tsakiya. Mafi sirantar wuri shi ne girman da za ka yi aiki da shi.

Alamun gogewa: RGH yana nufin yadda ya fito daga zarto, S2S an goge fuska biyu, S4S an goge duka huɗu. Kaurin itace mai tauri a Amurka da kwata-kwatan inci ake faɗinsa: 4/4 inci ɗaya, 6/4 inci ɗaya da rabi, 8/4 inci biyu. Katakon 4/4 da aka goge fuska biyu yakan dawo 13/16. In aikinka na buƙatar cikakken inci ɗaya bayan gogewa, 5/4 za ka saya.

Ma'aunin yawa biyu ne suka fi yawo. Na farko kubik mita: kauri × faɗi × tsawo, duk a mita. Katako mai milimita 50 × 150 da tsawon mita 3.6 shi ne 0.027, guda 37 ke cika kubik ɗaya. Na biyu ƙafar allo, wadda ake rubutawa BF, wato allo mai ƙafa ɗaya a faɗi, ƙafa ɗaya a tsawo, inci ɗaya a kauri. Lissafinta: kauri a inci × faɗi a inci × tsawo a ƙafa, a raba 12. MBF dubu ke nan. Kubik mita ɗaya daidai yake da BF 424 ko kubik ƙafa 35.3. Amma a itace mai taushi da girman suna ake ƙirga BF. Guda ɗaya na 2×6×12 a takarda BF 12 ne, ainihin itacen da ke hannunka kuwa 8.25. In ka mayar da BF zuwa kubik kai tsaye da 424, za ka ɗauka kana da kusan rabi fiye da abin da ke ƙasa.

Mataki na biyar: danshi

A nan ya kamata ka fi daɗewa, domin kusan duk ɓarnar da ke bayyana bayan an gama aiki, ƙofar da ta ƙi rufuwa, teburin da ya tsage, gam ɗin da ya saki, daga nan take.

Itace kamar damin kara ne: akwai ruwa a cikin ramukan karan, akwai kuma wanda jikin karan ya sha. Na cikin rami shi ke fara fita, kuma fitarsa ba ta canja girman katako, nauyi kawai ke raguwa. Sai ya ƙare, a wajen kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari, sannan na jiki ya fara fita, kuma daga nan ne katako ke soma tsukewa. Don haka katakon da ya sauko daga 60 zuwa 30 ya yi sauƙi a hannu har a ce ya bushe, alhali ko fara motsi bai yi ba.

Ainihin awon da tanda ake yinsa. Ka datse yanki mai kaurin santimita 2.5, aƙalla santimita 30 daga baki, domin baki ya fi saurin bushewa. Ka auna nauyinsa nan take. Ka sa shi a tanda mai zafin digiri 103 a ma'aunin Salshiyos, kana fito da shi kana aunawa har nauyin ya daina sauka, yawanci kwana ɗaya zuwa biyu. Sai ka cire busasshen nauyi daga ɗanyen, ka raba da busasshen, ka ninka ɗari. Giram 150 ya dawo 120: 30 ÷ 120, kashi 25. Masu kuskure da 150 suke rabawa su samu 20, su ɗauka kaya ya kusa. Da yake da busasshen nauyi ake rabawa, ɗanyen itace na iya wuce kashi ɗari, kuma ba kuskure ba ne.

Na'ura mai allura biyu ta fi sauri. Tana aiki sosai tsakanin kashi 7 da 30, sama da haka ƙiyasi ne kawai. A caka allurar ta kai wajen kwata na kaurin, nesa da baki, a bi jadawalin gyara na irin itacen da na zafin wurin. Katakon da aka yi wa maganin kariya yakan nuna adadi sama da na gaske. Ka zaro na tsakiyar jeri ka auna, ba na sama da rana ta gasa ba.

Alamun hatimi: S-GRN an goge shi yana sama da kashi 19, S-DRY ko KD19 bai wuce 19 ba, KD15 ko MC15 bai wuce 15 ba. KD ɗakin busarwa ake nufi, AD kuma bushewar iska. KD ba tare da lamba ba bai gaya maka komai ba, sai ka tambaya. An tsaya a 19 ne domin ruɓa ba ta kama itacen da ke ƙasa da kashi 20. Wannan ya isa aikin rufi da katanga, bai isa kayan ɗaki ba.

Katako ba ya tsayawa inda aka bar shi. Yana bin laimar iskar da ke kewaye da shi har su daidaita. A laimar kashi 30 yakan zauna a wajen 6, a 65 wajen 12, a 80 wajen 16. Abin nema shi ne danshin katako ya yi daidai da na ɗakin da zai zauna, shi ya sa ake kai katakon daɓe ɗakin a jera shi mako ɗaya ko biyu kafin a kafa. Fenti da banish rage saurin shan ruwa suke yi, ba sa hana shi.

Tsukewar ba daidai take ta kowane gefe ba. A tsawo kusan babu, kashi 0.1 zuwa 0.2. Daga cibiya zuwa ɓawo wajen kashi 3 zuwa 6, a bin layukan girma kuma wajen ninkin haka. Ɗauki falankin yankan kwance mai faɗin milimita 300, na itacen da jimlar tsukewarsa kashi 8 ce daga 30 zuwa sifili. In ya sauka daga 20 zuwa 10, ya yi sulusin tafiyar, kashi 2.7, wato milimita 8. Na yankan kwata milimita 4 zai yi. Haɗa irin wannan falanki uku a saman tebur, ka ɗaure su tamau da sukurori a kan firam ɗin da ba ya motsi, kusan santimita biyu da rabi na neman inda za su tafi, sai su tsaga itacen. Maganinsa a yi ramin sukurori mai tsawo domin saman ya samu wurin zamewa.

Mataki na shida: aibobi da daraja

Ka ɗaga bakin katako zuwa idonka ka hango tsawonsa. Lanƙwasa iri huɗu ce. Kwarmi: faɗin ya lotsa, gefuna sun tashi, kuma a yankan kwance gefunan zuwa ɓangaren ɓawo suke tashi. Baka: fuskar ta lanƙwashe daga baki zuwa baki. Doro: gefen ne ya lanƙwashe. Murɗa: kusurwa huɗu ba sa taɓa ƙasa tare. Ka ja igiya daga baki zuwa baki ka auna tazarar tsakiya. Baka ana iya danne shi da ƙusa, doro kaɗan a juya shi sama in gungumen ɗaukar nauyi ne domin nauyi ya miƙar da shi. Murɗa ce ba ta da magani sai a datse katakon gajeru.

Tsaga ma iri-iri ce. Akwai ta fuska, siririya, wadda ke zuwa in waje ya bushe ciki na jiƙe. Akwai ta baki da ta ratsa kauri duka. Akwai ta zobe, inda layukan girma suka rabu da juna tun bishiya na tsaye, kuma wannan ba laifin busarwa ba ne. Mafi muni ita ce ta ciki, wadda ake kira saƙar zuma: waje lafiya lau, ciki ramuka, sakamakon zafin ɗakin busarwa da aka ɗaga da wuri. Ba za ka gan ta ba sai ka datse, don haka in kaya masu kauri ne ka sadaukar da guda ɗaya. Daga wannan yankin kuma ka yi gwajin cokali: ka yanke tsakiyarsa ka bar haƙora biyu na waje. In sun matso juna, akwai matsin da busarwa ta bari a ciki, kuma katakon zai matse zarto ya lanƙwashe da zarar ka tsaga shi.

Ido shi ne inda reshe ya fito. Rayayyen ido a manne yake da nama. Mataccen ido yana da baƙin zobe, wata rana zai faɗo ya bar rami. Wurin da idon yake ya fi girmansa muhimmanci: a ƙasan gungumen ɗaukar nauyi, a tsakiyar tazara, nan ne karaya ke farawa, don haka a juya shi sama. Ragowar ɓawo a kusurwa aibin gani ne da na wurin buga ƙusa. Shuɗin tabo a farin nama ba ya rage ƙarfi sosai, amma shaida ce cewa katakon ya daɗe a jiƙe. Karkatar jijiya kuwa ba ta ɗaukar ido amma tana cin ƙarfi: in ta kauce ɗaya cikin 10, wajen kashi 81 na ƙarfin lanƙwasa ne ya rage, ɗaya cikin 5 kuma wajen 55. Itacen bishiyar da ta girma a karkace yana da nama mai tsukewa a tsawo har ninki goma na al'ada, shi ne ke sa falanki ya kauce tun yana kan zarto.

Daraja tsari biyu ce, kuma kada a gauraya su. Ta kyan gani, irin ta ƙungiyar NHLA ta Amurka da aka kafa a 1898, tana ƙirga yawan tsabtataccen itace da za a iya yankowa: FAS, wadda ita ce mafi girman daraja, aƙalla kashi 83⅓, a falankin da bai gaza inci 6 da ƙafa 8 ba, No. 1 Common kashi 66⅔, No. 2A Common kashi 50. Mai ƙera kujeru da ƙananan ƙofofin kabad bai da dalilin biyan kuɗin FAS, tunda gajerun guntaye yake buƙata. Ta ƙarfi kuwa ta gini ce, kuma No. 2 da ke odar fain ta sama irinta ce a tsarin Amurka. A Turai ana rubuta C16 ko C24 ga mai taushi, D30 da makamantansa ga mai tauri, lambar kuma ƙarfin lanƙwasa ce a niyuton kan kowace murabba'in milimita. In injiniya ya rubuta C24, kyan fuskar katako ba ya maye gurbin hatimin. Kuma in ka tsaga katako mai hatimi a tsawo, darajar ta daina aiki, domin idon da ke tsakiya ya dawo gefe.

Mataki na bakwai: jera shi

Ɗanyen katako a jera shi ranar da aka yanka, in ba haka ba tabo da fumfuna su riga ka. A ɗaga gindin jerin santimita 30 zuwa 45 daga ƙasa, a kan ginshiƙai da aka daidaita da igiya, domin duk karkatar gindi sai ta bayyana a kowane falanki. Tsakanin sahu da sahu a sa sandunan tsakani masu kaurin milimita 19 zuwa 25, tazarar santimita 40 zuwa 60, siraran falanki a matso da su. Sandunan su zama busassu kuma kaurinsu ɗaya, ɗanye yakan bar tabon da gogewa ba ta cirewa. Kowace sanda ta hau daidai kan ta ƙasanta, ta farko kuma dab da baki. A bar ɗan yatsa biyu tsakanin falanki da falanki. A shafe bakuna da kakin zuma ko fenti mai kauri, tunda ruwa ya fi saurin fita ta baki nesa ba kusa ba. A rufe sama da kwano a ɗora nauyi, amma a bar gefuna a buɗe. Leda da aka naɗe jeri da ita ruɓa take kawowa.

A ƙasashen sanyi ana cewa shekara ɗaya ga kowane inci na kauri. Inda iska ke da zafi da bushewa abin ya fi haka sauri, har saurin ne ke zama matsala, sai a kare gefen da iska ke bugowa da buhu ko raga a makonnin farko. Na'urar danshi ce za ta ce an gama, ba kalanda ba.

Sauran hatimai da allunan haɗi

HT a jikin falet ko akwatin kaya yana nufin an dafa itacen har tsakiyarsa ta kai digiri 56 na minti 30, bisa ƙa'idar ISPM 15, don kashe ƙwari. Ba shaidar bushewa ba ce. MB kuma hayaƙin guba aka yi masa, kada a sa shi a wuta ko kusa da abinci. CCA maganin kariya ne mai tagulla da kuromiyam da asinik, wanda Amurka ta janye daga yawancin aikin gida a ƙarshen 2003. Hayaƙinsa da tokarsa guba ne. ACQ da ya maye gurbinsa yana cin ƙusar ƙarfe, sai mai rufin zinki mai kauri ko wadda ba ta tsatsa. Duk inda ka datse katako mai magani, ka shafa wa sabon bakin magani, domin sau da yawa bai kai tsakiya ba. FSC da PEFC shaidar kula da daji ce, ba ta inganci ba. Wasu itatuwa, kamar dangin Dalbergia tun 2017, sai da takardar CITES, wato izinin yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin halittun da ake fargabar ƙarewarsu, suke tsallaka iyaka.

Allunan haɗi yawanci milimita 1220 × 2440 ne. Filawud siraran yankan itace ne da aka manna a gicciye, adadinsu mara, 3, 5 ko 7, domin gefe biyu su daidaita. Ka ƙirga su a baki, ka duba ko akwai ramuka, ka tambayi irin gam ɗin, tunda shi ke raba na waje da na cikin ɗaki. MDF garin zare ne da aka matse, yana da santsin fenti amma bakinsa ba ya riƙe sukurori sosai. Cifbod ɓarɓashi ne, ruwa na taɓa shi ya kumbura ba ya komawa. OSB dogayen sassaƙe ne da aka jera sahu-sahu, na rufi da katanga. Filawud da OSB duk suna da gefen ƙarfi: a shimfiɗa tsawon allon ya gitta ginshiƙai, a kuma bar milimita 3 tsakanin allo da allo saboda kumburi.